Da Wa Take?

Gwaggona ba ta yarda da abin da ake cusawa a kunne ba. A wurinta kunne ƙofa ce, kuma mai hankali ba ya toshe ƙofarsa da mutane a gida. Shi ya sa daren da ta same ni a tsakar gidanmu na Madabo bayan lisha, an ɗauke wuta, na jingina da bangon ɗakinta na zabga tagumi, siraran wayoyi biyu sun zubo daga kunnuwana, abin da ta fara yi shi ne janye hannuna daga kuncina, yadda take yi mini tun ina ɗan makarantar allo. Sannan ta miƙo tafi.

"Ba ni in ji abin da ya mai da kai maraya."

Na zare ɗaya na ba ta. Ta riƙe shi a bakin kunne, ba ta bari ya shiga ba. Ganga na tafe a hankali kamar raƙumin da aka labta wa kaya, a ƙarƙashinta akwai ƙaras-ƙaras irin na tsohon faifan garmaho, can sai muryar mace ta shigo, rabi sauti rabi iska. Gwaggo ba ta jin Turanci, ko "zo in kashe ka". Ta yi shiru kamar minti guda.

"Ɗan nan, wannan da wa take?"

Na ce waƙa ce, Gwaggo, da duniya take, faifan nan ya zaga ƙasashe.

"A'a. Mai yi da duniya ba haka take buɗe baki ba." Ta miƙo mini abina, ta ɗauki fitilarta ta shige ɗaki.

Shekara da shekaru ina jin irin wannan kiɗa, na karanta abin da masu sharhi suka rubuta a kansa, ban taɓa cin karo da tambayar da ta kai tata ba.

Waƙar da ta ji ta wasu mutanen Ingila ce da ake kira Portishead, sunan wani ƙaramin gari na bakin ruwa kusa da Biristol. Faifansu na farko, Dummy, ya fito a 1994, ya ci kyautar Mercury a shekarar da ta biyo baya. Geoff Barrow ne mai harhaɗa sauti da na'ura, Adrian Utley ya daɗe yana kaɗa jita a wuraren jaz kafin su haɗu, muryar kuwa ta Beth Gibbons ce. A Biristol ɗin akwai Massive Attack da suka riga su fitowa da Blue Lines a 1991, ga kuma Tricky, wanda ya jingina Maxinquaye na 1995 a kan muryar Martina Topley-Bird. 'Yan jarida suka laƙaba wa abin suna trip hop, masu yin sa suka yi ta ƙin sunan, bai fasa bin su ba. Ɗinkin nasa kuwa haka yake: a yanko ɗan gutsuren kiɗa daga tsohon faifan jaz ko na fim, a rage masa gudu, a sa na'ura ta yi ta maimaita shi, a ɗora ganga mai nauyi a kai. Su Barrow har sukan buga nasu kiɗan sabo fil, su sa a zuba shi a faifai, su gurje faifan a ƙasa ya sha ƙarzuna, sannan su yanko daga ciki, don sabon abu ya iso da muryar tsufa. Kamar mutum ya sayi sabuwar ƙwarya ya fasa ta da gangan, ya kai wa gyartai, saboda ɗinkin yake so.

Duk wannan shimfiɗa ce. Wadda aka yi wa shimfiɗar ita ce muryar, kuma a nan Hausata ta fara cijewa. Mukan ce murya tana da zaƙi, tana da gardi, tana da amo, tana da sanyi. Mukan ce ta dusashe, ta shaƙe, tana rawa. Babu wanda ya zauna daidai. Dusasshiyar murya ta mai mura ce, ko ta wanda ya yini yana ihu a filin ƙwallo. Sanyin murya ya fi kusa da ladabi, irin na amarya a gaban surukai, wannan kuwa ba ladabi take yi wa kowa ba. Abin da ya rage shi ne raɗa.

Ita ma ba ta cika ba, amma a gefenta abin yake. A maƙogwaron ɗan Adam akwai tantani biyu. In ya yi magana sosai, sai su haɗe su yi ta karkarwa, daga karkarwar nan sauti ke samun hawa da sauka. In ya yi raɗa, ba sa karkarwa, iska ce tsurarta ke wucewa. Muryar da Gwaggo ta ji tana tsakani: tantanin na karkarwa amma ba sa rufewa ruf, numfashi na tsiyaya ta gefe kamar tulun da ya tsage. Ga Bahaushe wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, don harshenmu a kan hawa da saukar sauti yake tsaye. Da karin sauti kaɗai muke raba kukan ido da kukar miya, da shi muke raba wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha. In ka yi raɗa, karin ya dishe, kalmomin nan sai su matso kusa da juna, sai zancen da ke kewaye da su ne zai raba gardama. Ga kuma su ɓa da ɗa da ƙa da tsa, baƙaƙen da ba sa fitowa sai ka damƙe maƙogwaro. Hausa harshe ne mai riƙe numfashinsa. Ina ganin wannan na cikin dalilan da ya sa mawaƙiyar da ta so sakin iska a cikin waƙar Hausa za ta sha aiki fiye da Baturiya.

Amma dubi girman da muka ba raɗa. Jariri na faɗowa, kafin ya ji guɗa da kyau, uba ko kaka zai duƙa ya yi masa kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu, ya faɗa masa sunansa. Kwana bakwai sunan na ɓoye tsakanin mutum biyu ko uku. Ran suna a yi fatiha, a raba goro, maroƙi ya ɗaga murya ya shaida wa unguwa. Duk da haka ba ma cewa an yi shelar suna, cewa muke an raɗa suna. Har titi da jami'a, da ake buɗewa da lasifika da jiniyar gwamna, jarida sai ta rubuta an raɗa musu sunan wane. Harshen ya riƙe cewa asalin suna abu ne da aka sa a kunne ɗaya. To, ninka kalmar kuma ka gani. Raɗa in ta yawaita, ta bi kunnuwa da yawa, ta zama raɗe-raɗi, wato zancen da ba shi da uba. Faifan da aka yi da murya ƙasa-ƙasa aka buga dubbai aka watsa, a wanne ɓangare yake? Wannan ita ce tambayar Gwaggo da wasu kalmomi.

Muryar macen da muka saba ji a fili ba haka take ba, kuma da dalili. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, a kan ƙwarya take waƙa, a tsakiyar mata masu shewa da tafi. In ba ta buɗe maƙogwaro ba, amada ta cinye ta. Guɗa an yi ta ne don ta tsallake katanga ta gaya wa maƙwabta an haihu ko an kawo amarya. Da finafinan Kano suka zo, mawaƙansu mata suka bi sawun Lata Mangeshkar, siririyar murya can sama, a kan fiyanon Yamaha, tas kamar an wanke ta, ba a barin ko ɗigon numfashi a ciki. A ko'ina ma haka duniya take kafin 1925, lokacin da aka fara ɗaukar faifai da lantarki. Kafin nan mawaƙi a bakin wani ƙaton mazurari yake tsayawa ya yi ta ƙwala murya don allura ta motsa. Makirfo ne ya ba mai ƙaramar murya damar ta matso har leɓenta ya kusa taɓa ƙarfe. Ta wannan ƙofa Billie Holiday ta shigo, da Julie London a 1955, da Astrud Gilberto ta Burazil a 1964, da Sade Adu, wadda aka haifa a Ibadan a 1959. Mu da na'urar ta zo mana, lasifika muka gani a jikinta, muka ɗaure ta a kan soro don murya ta ƙara nisa. Su kuma suka gano tana iya rage nisan har ya ƙare.

Ba wai ba mu da ƙaramar muryar ba ne. Tana nan a waƙar reno, tana bakin mace mai tankaɗe ita kaɗai da hantsi, tana bakin mai tsifar kan 'yarta, waƙa ciki-ciki wadda ke yankewa da zarar an yi sallama. Ba mu dai taɓa ɗaukar ta abin kai wa kasuwa ba.

Inda na samu ma'aunin muryar nan daidai, abin mamaki, a zauren karatu ne, taku kaɗan daga inda nake zaune daren nan. Madabo ba unguwar kiɗa ba ce. Tarihin Kano ya kawo zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, kuma da su ake danganta kafuwar karatu a wannan unguwa. Har yau akwai sarautar Babban Malami na Madabo, kuma da fiƙihun Malikiyya aka san wurin, musamman Muhtasar. Yaro kan fara da Ƙawa'idi, ya bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, in Allah ya yi masa nisan karatu ya shiga Askari da Muhtasar. Ni a Risala na tsaya, boko ya ja ni. Amma na zauna a gaban Baffana lokacin da yake fassara babin salla, ɗalibi na jan Larabci gaɓa-gaɓa, shi yana mayarwa da Hausa, ana cewa na'am.

A nan na fara jin cewa murya tana da awo kamar hatsi. Karatun salla iri biyu ne, na ɓoye da na bayyane, kuma malamai ba su bar kalmomin sakaka ba, sai da suka sa wa kowanne iyaka. Mafi ƙarancin ɓoye shi ne ka motsa harshe. Ƙarshensa shi ne ka jiyar da kanka. Bayyane yana farawa daga inda ka jiyar da kanka da wanda ke gefenka. Sai aka zo kan mace, aka ce bayyanenta shi ne ta jiyar da kanta kawai. Wato a wurinta rufin ɗakin ɓoye shi ne daɓen ɗakin bayyane. Tana da wani mataki guda inda murya ta fito, ta zama sauti na gaske, amma ba ta da wurin zuwa sai kunnen mai ita. Masu tajwidi kuma suna da nasu awon. Sun ware baƙaƙe goma na Larabci suka kira su na hamsu, wato na raɗa, suka ce alamarsu ita ce numfashi yana gudana tare da su, irin su sinun da shinun da fa'un. Ƙarnoni kafin a ƙera makirfo, mutanen da ke zaune a kan buzu sun riga sun auna yawan iskar da ke bin kowane harafi.

Da na tuna wannan sai amsar ta faɗo mini. Da kanta take. Matar nan tana waƙa ne a matakin ta jiyar da kanta, na'ura ta laɓaɓo ta ɗauke, ta kawo mini har tsakar gidanmu. Na san dabara ce. Na san akwai injiniya a bayan gilashi, an maimaita ɗauka, an zaɓi numfashin da za a bari da wanda za a yanke. Amma daɗin abin gaba ɗaya a kan wannan ruɗin ya ginu: kana jin abin da ba a yi don kai ba. Hausa na da suna ga mai yin haka, kuma ba suna ne mai kyau ba. Laɓe yake. Tarbiyyar cikin birni kuwa duk an gina ta ne don hana laɓe: zaure, da soro na biyu, da sallama sau uku, da gyaran muryar da namiji ke yi kafin ya ratsa tsakar gida, don mai magana da kanta ta san ba ita kaɗai ba ce. A cikin wayar kunne babu inda za ka yi gyaran murya.

Ba zan ɓoye sauran karatun ba, tunda na ɗauko farkonsa. Risalar nan ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, can wajen ƙarshenta ta hana mutum ya nufi sauraron kayan kiɗa da waƙa da gangan, ta kuma hana jin daɗin maganar macen da ba ta halatta gare shi ba. Ba ni da niyyar murɗe wannan ya dace da abin da ke cikin wayata. Akwai malaman da suka sassauta da sharuɗɗa, Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u kan sauraro, ga bandirin Ƙadiriyya na tashi daga Kabara, amma babu ɗayansu da ya yi maganarsa da wata 'yar Ingila a zuciya. Fatawa tana da masu ita. Abin da ya ja hankalina shi ne inda hukuncin ya sa yatsa: a kan nufi. Malamai sun raba sama'u da istima'u, abin da ya faɗo kunnenka da abin da ka kai kunnenka gare shi. Hausa ma ta raba, har ta fi Larabcin wasa da abin.

Ɗauki ji. Da kalma ɗaya Bahaushe ke jin magana, ya ji ƙanshi, ya ji gishiri a miya, ya ji yunwa, ya ji tsoro, ya ji Larabci. Yaron da ba ya ji ba kurma ba ne. Gwaggo ba ta jin Turanci, amma a minti guda ta ji abin da ni mai jin Turancin na shekara ban ji ba. Watakila ma kalmomin ne suka tsare mini hanya. Elizabeth Fraser, wadda ta rera Teardrop na Massive Attack a 1998, tun tana Cocteau Twins aka san ta da waƙa da kalmomin da Turawan kansu ba sa iya tsinta, wasu ma ita ta ƙirƙire su, kuma hakan bai hana su ji ba. Saurara kuwa wata dabba ce daban. Tana nufin kasa kunne, tana kuma nufin dakatawa. In an ce a ɗan saurara, jira ake nufi. In mace ta ce wa mai damunta "saurara mini", ba kunnensa take nema ba, so take ya tsaya haka nan. Jarumin da ba ya saurara wa kowa shi ne wanda ba ya ɗaga ƙafa. A wurin Bahaushe ba ka saurara ba sai ka dakatar da wani abu naka. Kiɗan nan mai tafiyar raƙumi ba ya shiga kunnen mai sauri. Ba a rawa da shi, ba a tuƙa Adaidaita Sahu da shi a Ƙofar Wambai. Sai ka ajiye komai. Shi ya sa ba zan iya fakewa da cewa faɗowa ya yi kunnena ba.

Saura yanayin da yake jefa mutum, wanda ya sa Gwaggo ta kira ni maraya. Ba baƙin ciki ba ne, don ba a yi mini komai ba. Ba kewa ba ce, don kewa tana da wanda ake yi wa. Bege ya fi shi zafi, kuma a garin nan bege yana da Ma'abocinsa. Zulumi na kallon gobe, alhini na kallon jiya, wannan kuwa ba ya kallon ko'ina. Mun ba ciki launi biyu kacal, fari da baƙi. Baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda jaz ya fito daga hannunsu, sun ba irin wannan hali launi na uku, suka kira shi shuɗi, har sautukan da suke lanƙwasawa su faɗo tsakanin maɓallan fiyano biyu suka kira su shuɗɗa. Mai goge da mai kukuma ba sa bukatar a koya musu wannan, yatsansu a kan tsirkiya yake zamewa, babu matakala. Yusef Lateef, babban mabushin Amurka, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana bin diddigin sarewar Fulani, wadda ita ma rabin daɗinta iskar da ke zuba ta gefen baki ce. Shi ma, kamar masu trip hop da nasu sunan, har ya rasu a 2013 bai yarda a kira kiɗansa jaz ba. Da alama duk kiɗan da numfashi ya yi wa yawa ba ya son sunan da wani ya yi masa shela.

In kana son ganin launin da idonka, je marinar Ƙofar Mata ka tsaya. Zanen da aka tsamo daga ramin baba ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake. Sai marini ya ɗaga shi, iska ta buge shi, a gabanka ya juye. Iskar ce ke rina shi. A mayar, a tsamo, a mayar, kowane zagaye yana ƙara duhu, har ya kai inda marina kansu ke kiran sa baƙi. Shuɗi ke nan: yana kan hanyar baƙi, bai isa ba. Da za a bar ni in ƙara wa Hausa kalma ɗaya, da na ce shuɗin ciki, kuma kunnena na jin wata kalmar tana leƙowa ta bayanta, shuɗe, abin da ya wuce ba ya dawowa. Wannan aure kunne ne ya ɗaura shi, ba masana asalin kalmomi ba, amma wanda ya gurje sabon faifai a ƙasa don ya yi kama da abin da ya shuɗe zai gane shi.

Ban yi barci sosai ba daren nan, zafi da sauro. Da aka yi kiran assalatu daga masallatan unguwa, wannan na shiga bakin wancan, na fito da buta. Ƙofar Gwaggo a buɗe take kaɗan, labule ya sauka. Ta riga ni, har ta tayar. Asuba salla ce ta bayyane, tana karantawa da nata awon. Daga inda nake ba a jin kalma ko ɗaya, ba a jin muryar ma, sai wasu baƙaƙe da ke tsallako labulen ɗai-ɗai, sinun, sai shiru, sai wani sinun, sai fa'un, da jan numfashi tsakanin aya da aya. Na tsaya da butar a hannu fiye da yadda ya kamata.

Sai na yi gyaran murya, na wuce.